Kwalbar Inna Tabawa

Na yi ritaya da daɗewa, amma ranar da muka kwantar da Inna Tabawa a ɗakin tiyata ba ta taɓa fita daga raina ba. Abokan aikina na wancan lokaci sun san rabin labarin. Ku da kuka shigo aikin jinya daga baya ba ku san ko ɗaya ba, shi ya sa zan ba ku shi daga farko.

Lokacin mulkin soja ne, 'yan shekaru bayan an cire Jigawa daga Kano an mai da Dutse babban birnin jiha. Ina aiki a wani asibitin gwamnati da ba sai na ambaci sunansa ba, ina zaune a unguwar Limawa da maigidana da yara. Matsayina a lokacin ƙaramar sista ce, wato na wuce sabuwar nas, amma akwai babbar sista a samana, sannan metiron, wadda ita ce shugabar duk ma'aikatan jinya. Likita ɗaya ne ke yi mana tiyata, Dakta Sabo. Shi zai duba marasa lafiya da safe, ya shiga tiyata da hantsi, ya fito ya tarar da wani layin yana jiransa. Ni ce mai tsaya masa a ɗakin tiyata ranakun Laraba, in shirya kayan aiki, in miƙa masa abin da ya nema.

Kafin in ci gaba, bari in yi wa waɗanda ba 'yan aikin ba bayanin abin da likitoci ke kira bayofsi, mu kuma muke cewa ɗibar nama. Idan mutum ya zo da ƙullutu a jiki, hannun likita da idonsa ba za su iya tabbatar da ko mene ne ba. Wani ƙullutun tarin mugunya ne da ya daskare, wani ƙari ne marar illa, wani ma ƙwayar tarin fuka ce ta zauna a wurin, wani kuma sankara ce, wadda mutane ke kira ciwon daji. A taɓawa duk suna iya yin kama da juna, maganinsu kuwa ya sha bamban. Saboda haka sai a yi allurar kashe zafi a wurin, a ɗan tsaga fata, a ɗebi nama kamar ƙwayar gyaɗa ko ya ɗan fi, a ɗinke. Naman nan a jefa shi nan take cikin wani ruwa mai suna fomalin, wanda ke hana shi ruɓewa. Daga nan a aika da shi ɗakin gwaji, inda za a yayyanka shi siriri, a rina shi, wani likita na musamman ya duba a madubin likita ya rubuto abin da ya gani. A lokacin duk jiharmu babu inda ake wannan gwaji, sai an kai Kano. Kuma ba likitan kirki da zai cire wa mace nono a kan zato, sai takardar nan ta dawo.

Inna Tabawa ungozoma ce daga wani ƙauye a bayan Miga, cikin Fulanin da suka zauna suka haɗa noma da kiwo. Za ta yi shekara hamsin ko ta ɗan haura. Na san ta ne a wani ɗan horo da aka shirya wa ungozomomin karkara, inda aka sa ni koya musu wanke hannu da yanke cibi da sabuwar reza, da gane haihuwar da ta fi ƙarfin gida. Yawancinsu sun zo sun saurara sun tafi. Ita kuwa ta riƙe abin. Idan naƙuda ta yi wa mace tsawo, Inna Tabawa ce za ta tsaya a kan mijin har ya ɗaura wa shanu amalanke, ta rako ta bakin titi, ta shigo mota da ita har wurinmu. Mata da yawa a yankin nan sun rayu ta dalilinta. A ƙauyensu, in ta ce asibiti, an gama magana.

Wata Litinin a farkon bazara ta kawo mana wata mai jego da jini ya ƙi tsaya mata. Bayan mun kwantar da ita, sai Inna Tabawa ta ja ni gefe, bayan labule, ta kwance zanenta ta ce, "'Yar nan, taɓa mini nan ki ji."

A nononta na hagu ne, ta gefen hammata. Ƙullutu ne kamar ƙwan agwagwa, mai tauri, ba ya motsi sosai. Ta ce tun kaka ta fara jin sa, lokacin bai fi gurjiya ba, amma da yake ba ya ciwo sai ta share. Na gaya mata cewa rashin ciwon shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. A ranar na kai ta wurin Dakta Sabo. Ya duba ta a natse, ya lalubi hammatarta bai ji wata kaluluwa ta a-zo-a-gani ba. Da ta fita ya ce da ni bai ji daɗin abin ba, amma idan ma sankara ce, yana ganin ba ta yi nisa ba tukuna, ana iya cire nonon a samu sa'a. Ya rubuta a ɗebi nama. Ita kuma ta ce sai ta shawarci maigidanta, Malam Buba.

Mako na zagayowa suka zo tare. Malam Buba dogon dattijo ne, marar yawan magana, da sanda a kafaɗa. Muka zauna a kan benci a barandar ɗakin mata, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce a wurinsu kowa ya san ciwon daji ba ya son ƙarfe, da zarar wuƙa ko allura ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Ya ba ni labarin wani ɗan baffansa da aka tsaga wa kumburi a wuya a Kano, bai cika wata huɗu ba ya rasu. Na tambaye shi shekara nawa mutumin ya yi da kumburin kafin a kai shi. Ya yi lissafi ya ce damina uku. Na ce masa to ciwon ya riga ya gama aikinsa a ciki kafin wuƙa ta zo, wuƙar ita ce kawai abu na ƙarshe da mutane suka gani, shi ya sa aka ɗora mata laifi. Na gaya masa ɗan yankan nan ba ya ƙara wa ciwo ƙarfi, ba ya tura shi ko'ina, abin da zai iya jawowa bai wuce ɗan jini ko ɗan kumburi na kwana biyu ba, shi ma muna da maganinsa.

Ya ce ya riga ya tambayi limaminsu, liman ya ce neman magani halal ne, babu laifi a ɗebi kaɗan don a ceci mai yawa. Abin da yake so ya sani shi ne ina za a kai naman iyalinsa, kuma wa zai riƙe shi. Na yi masa bayanin kwalba da mota da Kano. Ya dube ni ya ce, "Sista, sau ɗaya ne?"

Na ce, "Sau ɗaya ne, Baba. Ni zan tsaya a kai da kaina."

Ya ce shi ke nan, ya ba ni amana.

Ranar Laraba aka shigo da ita. Ta hau gadon tiyata da ƙafarta, har tana yi wa ma'aikata barkwanci cewa yau mai karɓar haihuwa ce a hannun wasu. Dakta ya yi mata allura, ya jira wurin ya mutu, ya tsaga. Aikin bai ɗauki rabin awa ba, kuma ba ta ko motsa ba.

Fomalin ɗinmu yana cikin wata jarka a ƙasan kabad. Wanda ya san shi ya san in ka buɗe murfin sai ya soke ka a hanci, idonka ya kawo ruwa. Watanni ke nan sito bai ba mu sabo ba, kullum aka rubuta sai a ce ba a kawo ba. Abin da ya riƙa faruwa, wanda kowa ya sani kuma ba mai faɗa, shi ne duk lokacin da ruwan ya yi ƙasa sai wani ya ƙara masa na famfo don kada jarkar ta ƙare a hannunsa. Ƙa'ida ita ce in duba komai kafin a kwantar da marar lafiya. Ranar na duba zare, na duba wuƙaƙe da auduga, ban duba jarka ba. Sai da Dakta ya ɗago naman a bakin hantsaki ya ce, "Sista, kwalba," sannan na buɗe. Ban ji komai a hancina ba. Na kai fuskata kusa, sai wani ɗan wari can ƙasa-ƙasa, kamar na kwanon da aka wanke.

Na san abin da hakan ke nufi. Da na yi magana a lokacin, da Dakta ya yi faɗa, da an aika a nemo a wani asibitin ko a shagon magani, da an yi wata dabara. Amma ga likita tsaye da nama a hannu, ga mutum biyar suna jira a waje, ga kuma tsoron a ce ni ce ban shirya ba. Na ce a raina jibi-jibi zai isa Kano, ba abin da zai same shi. Na tsiyaya ruwan a kwalba, ya jefa naman, na rufe, na rubuta sunanta da lambar katinta na manna. Ban ce uffan ba.

Tsarin shi ne kwalba ta je ɗakin gwajinmu, a shigar da ita rajista, motar asibiti ta tafi da ita Kano ranar Juma'a tare da masinja. A makon nan wahalar man fetur ta tsananta. Waɗanda suka ga shekarun sun san yadda take, layi tun daga gidan mai har ya sha kwana, direbobi su yi kwanaki a ciki. Ɗan man da aka samu aka ce na janareta ne da ɗauko masu haɗari. Juma'a ta wuce mota ba ta tafi ba, wata Juma'ar ma haka. Kwalbar tana cikin kabad, ɗakin kwano ne, ga zafin bazara. Sau biyu na leƙa na tambaya, aka ce sai an sami mai. Ina iya karɓarta in shiga motar haya a ranar hutuna in kai da kaina. Na yi tunanin haka, sai na ce ai doka ta ce masinja ne mai kaiwa, ba aikina ba ne. Kwalbar ta haura mako biyu kafin ta bar Dutse.

Ciwon Inna Tabawa kuwa ya warke sumul. Da ta zo cire zare, wurin ya haɗe, ba ruwa ba kumburi, sai ɗan tabo kamar tsawon gaɓar yatsa. Malam Buba da kansa ya ce lallai bai zaci haka ba. Bayan nan sau uku tana zuwa tambayar sakamako, kowane zuwa sai ta yi tafiyar ƙasa zuwa titi, ta jira motar da za ta samu a wannan wahala. Kullum amsata ɗaya ce, bai dawo ba tukuna, Inna, a ƙara haƙuri.

A mako na bakwai takarda ta iso. Layi biyu ne kawai. Naman ya ruɓe kafin ya iso, ba a iya karanta komai a cikinsa, a sake aiko da wani cikin ruwa mai kyau.

Dakta Sabo ya karanta, ya wuce ɗakin tiyata ya jawo jarkar ya shinshina. Ya fita da ita ya tuttular a kwata. Ya tambaya wa ke ƙara mata ruwa, kowa ya ce ba shi ba ne. Ya tambaye ni ko na lura a ranar, na ce ban lura ba. Wannan ita ce ƙaryata ta farko. Daga nan metiron ta kira ni ofishinta. Ta ce ta san matar nan da irin girman da take da shi a yankinsu, idan labari ya fita cewa asibiti ne ya lalatar da nama, ba za mu ƙara ganin kowa daga can ba. Ta ce in gaya musu sakamakon bai fito sosai ba, ana bukatar ƙari, in tsaya a nan. Ba na jin mugunta ce ta sa ta faɗi haka, ta ɗauka kare asibiti take yi. Ni kuma umarnin ya yi mini daɗi, don ya rufa mini asiri.

Da suka zo, a kan bencin nan dai muka zauna. Na faɗi abin da aka ce in faɗa. Malam Buba ya ce ai na ce masa sau ɗaya ne. Ya ce kuma tun da aka taɓa abin ya ƙara girma, fatar wurin ta fara tattarewa, duk wanda ya gani ya san ƙarfe ne ya tashe shi. Gaskiya ne ya ƙara girma, amma ai tun kaka yake girma, daga gurjiya ya kai ƙwai kafin kowa ya taɓa shi. Na faɗi haka, sai dai muryata ba ta da ƙarfin da take da shi a karon farko, kuma ya ji hakan. Inna Tabawa ba ta sa baki ba sai a ƙarshe. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, me suka gani?" Na ce ba su ga komai ba, bai dai fito ba ne. Ta daɗe tana kallona, sannan ta gyara mayafinta suka tashi. Dakta ya biyo su har bakin ƙofa yana roƙon a sake a ranar, Malam Buba ya yi masa godiya ya ce za su yi shawara.

Damina ta sauka, ba mu ƙara ganinta ba. Masu naƙuda daga ƙauyensu ma suka ɗauke ƙafa. Can wajen watan da gero ke fitar da kai, wata mata daga kusa da su ta kawo ɗanta mai zazzaɓi, na tambaye ta labarin ungozoma. Ta ce ai tana kwance. An kai ta wurin wani mai magani, ya ba ta sassaƙe tana sha, ya kuma ba da wani haɗi ana shafawa don ya jawo ciwon waje. Haɗin ya cinye fatar, wurin ya fashe. Ta ce mata suna ta magana cewa tana zaman lafiyarta aka kai ta asibiti aka tsokano mata daji.

Na yi mako biyu da maganar nan a cikina, ban iya cin abincin kirki ba. Maigidana ya matsa mini da tambaya har na gaya masa komai. Ya ce shi bai san aikin asibiti ba, amma ya san amana, in je. Ranar Asabar na ɗauki auduga da bandeji da ruwan wanke ciwo, na shiga mota zuwa Miga, daga can ɗan acaɓa ya kai ni, muna yi muna sauka saboda taɓo.

Da hantsi na isa. Tun daga ƙofar ɗakin warin ya tare ni. Tana kwance a kan tabarma, ta rame har na so in kasa gane ta, hannunta na hagu ya kumbura ya yi biyun na dama. Da na ɗaga zanen da aka rufa mata, nonon ya zama gyambo ɗaya, gefensa ya kakkafe, tsakiyarsa na zubar da ruwa, hammatar cike da kaluluwa masu tauri. Ta yi murna da ganina, har tana cewa a kawo mini fura. Na sa aka dafa ruwa, na wanke ciwon a hankali na ɗaure. Da na gama na ce matan da ke ɗakin su ba mu wuri.

Na gaya mata duka. Na ce naman da aka ɗiba bai isa Kano da kyau ba, ruwan da aka sa shi ciki ya salance, ni na zuba shi, na kuma san ya salance lokacin da nake zubawa. Na gaya mata kwanakin da kwalbar ta yi a kabad. Na ce ba wanda ya ga komai a jikinta, domin ba abin da ya rage da za a gani, kuma ranar da ta tambaye ni na ɓoye mata.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Ni na ɗauka sun gani ne kuka ɓoye mini. Na ga idonki ranar, na san akwai abin da ba ki faɗa ba. Sai na ce tunda mutuwa ce, gara ta same ni a ɗakina." Ta numfasa ta ƙara da cewa, "Da kin ce mini ruwa ne ya lalace, ai da a ranar na sake hawa gadon. Ni ma aikin hannu na yi, na san hannu yana kuskure."

Sai kuka ya ƙwace mini. Ita ce ma ta ce in share hawayena in je in faɗa wa Malam da bakina.

Na same shi a gindin wata tsamiya a bayan gida yana gyara igiyar shanu. Na durƙusa na maimaita masa. Bai ɗago ba har na gama. Ya ce wata da watanni yana tsine wa wuƙar likita, ya hana 'ya'yansa mata da surukansa zuwa asibiti, ashe ba ita ba ce. Ya ce, "Ba zan ce miki na yafe yau ba, don zan yi ƙarya. Amma ita ke da jikinta. In ta ce a koma, a koma."

Ta ce a koma. Bayan kwana uku suka kawo ta, muka ba ta gado. Kafin nan na je na gaya wa Dakta Sabo gaskiyar abin da ya faru ranar Larabar nan. Ya dube ni kawai ya ce in je in shirya ɗaki. Wannan karon shi ya samo fomalin da kansa, muka ɗebi nama daga gefen gyambon. Washegari na sa kwalbar a jakata na shiga motar haya, na riƙe ta a cinya har Kano. Ma'aikacin ɗakin gwajin, wani dattijo mai tabarau, ya karɓa ya sa hannu. Da na gaya masa daga inda nake, ya ce ya tuna kwalbar farko, da ya buɗe ta naman ya narke kamar kamu. Ya ce irinta suna zuwa musu daga wurare da dama, kuma duk wadda ya mayar yakan yi tunanin mai ita.

Cikin kwana goma sakamako ya fito. Sankarar nono ce. Hoton ƙirji kuma ya nuna ta riga ta kama huhu. Dakta ya ce cire nonon yanzu ba zai tsayar da komai ba, jikinta ma ba zai ɗauki babbar tiyata ba. Abin da ya rage shi ne wankin ciwo da maganin rage zafi. A ofishinsa na tambaye shi, da takardar farko ta dawo daidai, da ta rayu? Ya ce, "Ban sani ba, Sista. Wasu muna cirewa da wuri su yi shekaru, wasu ya dawo musu. Amma da mun sami damar gwadawa."

Shi ya gaya mata sakamakon, ina tsaye, bai rage komai ba. Ta yi salati, ta ce to yanzu ta san sunan abin da ke cinta, hankalinta ya fi kwanciya. Ta yi mako uku a wurinmu, ni ke wanke mata ciwo kowace safiya, sannan ta ce a mai da ita gida. Na koya wa babbar 'yarta yadda za ta riƙa yi. An gaya mini cewa da ta koma ta sa an tara mata matan unguwa, ta ce musu ba yanka ne ya jawo mata wannan ba, yankan ya warke cikin kwana goma kowa ya gani, jinkiri ne, kuma duk wadda ta ji ƙullutu a jikinta ta tafi tun yana ƙarami. Ta rasu bayan an gama girbi.

Na je ta'aziyya. Ina zaune a cikin mata, ba duka suka san ni ba, na ji wata tana gaya wa ta kusa da ita cewa sau biyu aka yanke ta, na farko ya tayar da ciwon, na biyu ya ƙarasa ta. Ta kusa da ita ta ce ai marigayiyar kare mutanen asibiti kawai take yi, saboda ta saba da su. Maganar da ta yi musu tana kan gargara ba ta kai ƙarfin abin da suka riga suka yarda da shi ba. An yi kusan shekara biyu kafin mata daga wannan yanki su dawo mana kamar da. A tsakanin nan an kawo mana wasu masu naƙuda bayan sun kwana biyu suna fama a gida, irin waɗanda da tana nan da tuni ta ɗora su a amalanke. Ba dukansu muka iya ceta ba.

Ni kuwa ba a ba ni takardar tuhuma ba, ba a kafa kwamiti ba. A katinta an rubuta cewa samfurin farko bai yi ba, an sake ɗiba, ba a rubuta dalili ba. Ƙarin girmana ya zo a kan lokaci. Har na zama babbar sista, na riƙe ɗakin tiyata shekaru masu yawa, aka shiga mulkin farar hula, aka ƙaddamar da shari'a, abubuwa da dama suka canza, kayan aiki suka ɗan samu. Daga baya ma aka zo da allurar da ke ɗibar naman ba sai an tsaga ba.

A duk shekarun da na yi ina tsayawa ana ɗibar nama, ban ga mutum ɗaya da ɗibar ta sa ciwonsa ya bazu ba. Na ga waɗanda takarda ta dawo ta ce ba sankara ba ce, suka tafi gida da nononsu da kwanciyar hankalinsu. Na ga waɗanda aka gano tasu da wuri aka yi musu aiki, wasunsu har yau muna haɗuwa a biki. Gwajin ba shi da haɗarin da ake jingina masa, kuma ba wata hanyar sanin gaskiyar ƙullutu in ba shi ba. Amma aikin ba ya ƙarewa a hannun likita. Ya bi ta hannun nas da mai sito da mai rajista da direba, kowannensu yana iya kashe shi ba tare da ya taɓa marar lafiya ba.

Mun saba cewa mutanen karkara ne ke jawo wa kansu, suna tsoron wuƙa, suna zuwa a makare. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai na koyi cewa suna karanta fuskarmu fiye da yadda muke zato, kuma in muka bar musu rabin magana, su za su cike sauran da abin da ya fi muni. Mutumin da aka gaya wa gaskiya, ko mai ɗaci ce, yakan dawo. Idan kuskure ya faru a hannunku, ku faɗa wa mai jikin a ranar, tun yana da lokacin da zai yi wani abu a kai.

Allah ya jiƙan Inna Tabawa. Har yau in aka tambaye ni abin da ya kashe ta, nakan ce sankara ce, sannan in ce da shirun da na yi sau biyu.